Farar Ungulu Ba Ta Sauka Ba

Jirgin ruwa ya sauke ni a Marsai ta ƙasar Faransa da akwatin ƙarfe ɗaya da jaka ɗaya, kuma kafin in fita daga tashar na rasa jakar. Wani Bature mai furfura ne ya zo yana murmushi ya karɓe ta daga hannuna. Kunya ta kama ni, wai yaya sa'an babana zai ɗaukar mini kaya. Ina jan akwati a bayansa ina ta "bari, Malam, bari," har ya shige cikin taro ya ɓace. A jakar akwai kilishi, da garin fura, da bargon da inna ta sayo mini a kasuwar Juma'a ta Dogon Dutsi. Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne sai da na yi wa ɓarawon nan godiya sau biyu.

Sunana Arzika, mutumin Matankari ne, ɗan maharbi. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Turawan da ke duba lafiyar dabbobi suna ta komawa gida, sai gwamnati ta tura mu Faransa mu koyo aikin. Aka rarraba mu, ni kaɗai aka jefa wani gari a kudancin ƙasar. Kafin in taso, abokina Bulus, ɗan mishan ɗin Dogon Dutsi wanda ya tashi a hannun Turawa, ya ja ni gefe ya ce, "Arzika, in suna yi maka magana, dube su cikin ido. In ka duƙad da kai, cewa za su yi wani abu kaka ɓoyewa." Na yi dariya na ce ni ba mara kunya ba ne irinsa. A gidanmu ko yayana ban taɓa kallo cikin ido ba, balle wani babba.

Shekarar farko ba ni da abin faɗi a kanta sai sanyi da kaɗaici. Na ci dankali har na tsane shi. Ranar Lahadi nakan zauna a ɗaki in yi ta magana da kaina da Hausa, don kada bakina ya manta. Mutum ɗaya ne a makarantar ya taɓa tambayata wani abu game da gida, shi ne malamin da ke koya mana sassan jikin dabbobi. Gajere ne, ya haura sittin, matarsa ta rasu, kuma yana da ciwon zuciya, kullum da 'yar kwalbar magani a aljihun kwat. Ɗalibai suna kiransa Tsoho.

Ranar da ya ji daga Nijar nake, ya tare ni a ƙofar aji idonsa na ƙyalli. Ya ce, "Kana ganin farar ungulu a garinku?"

Na ɗauka zagi ne. Ungulu fa! Tsuntsuwar da ke bin mahauta, wadda ko yaro ba ya ɓata dutsensa a kanta. Na ce akwai su, baƙaƙe kamar ƙasa, farar kuma takan zo jefi-jefi da sanyi, ba wanda ya damu da ita. Ya kama kai ya ce, "Ba wanda ya damu da ita!" Daga ranar muka saba.

Da hutun ƙarshen shekarar karatu ya zo aka rufe ɗakunan kwana, kowa ya tafi gida, ni ba ni da inda zan nufa. Tsoho ya ce in raka shi hutu cikin duwatsu, inda yake zuwa duk shekara kallon tsuntsaye. Na tambaye shi bindiga za mu ɗauka ko tarko. Ya ce kallo kawai. Na ce, "Bayan kallon fa?" Ya ce sai mu rubuta. A raina na ce lallai ƙoshi yana sa mutum abubuwa.

Wuni guda muka yi a 'yar motarsa kafin mu isa wani ƙauye da ke bakin kwazazzabo. Ni da nake alfahari da dutsen Dogon Dutsi, da na leƙa ramin nan sai da na ja da baya na zauna. Ƙasa ce ta tsage biyu, bango a nan, bango a can, ruwa kuma can ƙasa siriri kamar zare. Ƙauyen bai fi gida talatin ba, kuma na tabbata yawancinsu ba su taɓa ganin baƙin mutum kusa ba. Yaƙin Aljeriya bai daɗe da ƙarewa ba, kuma ɗan matar da ke da masaukinmu ya tafi yaƙin bai dawo ba. A wurinta duk wanda ya fito daga Afirka ɗaya ne. Takan ajiye mini faranti ba tare da ta dube ni ba, ni ma ba na dubanta, sai muka zama kamar surukai.

Kwana huɗu muna sauka kwazazzabon da safe mu hau da yamma. Akwai wani faffaɗan dutse inda muke zama, Tsoho da madubin hangen nesa a ido, ni da ɗan littafi ina rubuta abin da ya faɗa da ƙarfe nawa ne. Mun ga shaho, mun ga hankaki manya waɗanda ba su da farin ƙirji irin namu, mun ga tsattsewa ba iyaka. A rana ta uku ya damƙi hannuna ya miƙa mini madubin. Na duba, sai ga ta, fara fat, bakin fukafukanta baƙi, fuskarta rawaya, tana shawagi ko motsa fiffike ba ta yi.

Ya ce, "Saura kaɗan suka rage a ƙasar nan. In kaka ta yi za ta ƙetare teku da hamada ta tafi wajenku. Wataƙila ka taɓa ganin wannan ɗin a garinku."

Wai tsuntsuwar da ban taɓa kulawa da ita ba tana zuwa gida duk shekara, ni kuwa ko wasiƙa sai ta yi wata biyu a hanya. Na daɗe da madubin a ido don kada ya ga hawayena.

A rana ta biyar ya ce yana so ya gan ta kusa, don haka za mu kai mata nama. Muka karɓo huhu da hanjin tunkiya wurin mahaucin ƙauyen, aka naɗe a takarda aka sa a buhu. Na saɓa buhun a kafaɗa. Kafin mu kai ƙasa jini ya tsatso ya ɓata mini farar riga tun daga kafaɗa har ƙirji. A kan dutsenmu na zaro wuƙar da baba ya ba ni, wadda ba na rabuwa da ita, na yayyanka naman, na goge ta da ciyawa sama-sama na mayar kube.

Tsoho ya nuna mini wani ɗan dandamali a jikin bangon da ke fuskantarmu. Ya ce shi kaɗai zai kai naman can, don in ta ga mutum biyu ba za ta sauka ba. Ni in zauna in rubuta lokacin da ta zo. Awa ɗaya zai yi.

A nan na yi kuskuren da ya kusa kashe mu duka. Na ga dattijo zai hau dutse da kwat, da gorar ruwa a rataye, da madubi a wuya, ni saurayi ina zaune hannu banza. A Arewa ba a yin haka. Duk kwanakin nan muna faɗa a kan kaya, yana cewa shi ba gurgu ba ne, ina cewa a garinmu za a zagi uwata in aka ga haka. Ranar na matsa masa. Na cire masa gorar, na karɓi madubin, na ce rana ta yi zafi ya ba ni kwat ɗin ma. Ya yi dariya ya ce, "Kai da taurin kai," ya tuɓe ya ba ni. Ban tuna ba, shi ma bai tuna ba, cewa maganinsa da usur ɗin da yake busawa in ya ɓata duk suna cikin aljihun. Ya ɗauki buhun nama ya sha kwana, wajen ƙarfe tara na safe.

Ƙarfe goma ta yi. Na sa madubi na duba dandamalin, babu kowa, babu nama. Sha ɗaya ta yi. Na tashi na koma na zauna, don babba ya ce in zauna, kuma ban saba tsallake maganar babba ba. Sai da rana ta take tsaka sannan na kasa daurewa. Na ƙetare ruwan, na hau har dandamalin. Ko ɗigon jini babu a wurin. Na buɗe baki na kira shi, duwatsu suka maido mini da muryata sau uku. A garinmu ba a ihu a irin wannan wuri, don an san wuri ne mai masu shi. Na yi addu'a, na sake kira, na sake, ba amsa sai tawa.

Na bi gaɓar ruwan sama da ƙasa har aka yi azahar. Kwazazzabon yana da rassa da yawa, kowanne ya shige cikin dutse, ban san wanda zan bi ba. Da na laluba aljihun kwat na ji kwalbar magani, sai na gane ya tafi ba maganinsa. Na kama hanyar ƙauye da gudu.

Ban tsaya na dubi kaina ba, da na duba da na ga abin da mai masauki ta gani. Baƙo ya faɗo mata tsakar gida yana haki, rigarsa jina-jina, wuƙa a ƙugu, kwat ɗin Tsoho a hannu, madubinsa a wuya, Tsohon kuma babu shi. Ta saki tulun da ke hannunta ta ƙwalla ƙara. Kafin in haɗa kalma biyu na Faransanci maza sun cika gidan, wani ya murɗe mini hannu ta baya, wani ya zare wuƙar. Ina cewa a je a nemo shi, ba shi da ruwa, ba shi da magani, amma ba mai saurarena. Aka buga waya, aka zaunar da ni a benci, aka kewaye ni.

Jandarmomi biyu, 'yan sandan karkararsu, suka zo a mota daga garin da ke kusa, babba mai gashin baki da wani matashi. Suka sa mini ankwa. Aka fito da tebur tsakar gida aka jera kayan a kai: wuƙa, kwat, walat ɗin Tsoho da aka ciro daga aljihu, madubi, gora. Ni kaina da na dubi teburin nan sai na ga kamar na yi kisan.

Babban ya zauna gabana ya ce, "Jinin wane ne wannan?"

Na ce na tunkiya ne, a tambayi mahauci. Aka aika, aka ce mahauci ya tafi wani gari sayen dabbobi, sai gobe.

"Me ya sa kayansa duka suke hannunka?"

"Ni na karɓa. Babba ne, bai kamata ya ɗauki kaya ina nan ba."

"Har da walat ɗinsa?"

Mutane suka yi wata irin dariya mara daɗi. Ya buga tebur ya ce, "Dube ni in ina yi maka magana!"

Na ɗago kai har na kai ga maɓallin rigarsa, daga nan wuyana ya ƙi. Mutum ne mai iko, ga shi ya girme ni, kuma zuciyata cike take da laifin da na san na yi, wanda ba shi suke nema ba. Na maida ido ƙasa. Na ji ya ce wa matashin, "Rubuta, ya kasa haɗa ido da ni." A lokacin maganar Bulus ta faɗo mini, amma tuna magana daban, iya yin ta daban.

Ya tura maza shida da igiyoyi da dogayen sanduna su bi ruwan zuwa ƙasa, wai nan ake samun gawa in an jefa ta. Na ce ba cikin ruwa yake ba, na duba. Ya ce ai ni na fi kowa sanin inda yake, in faɗa in huta. Daga nan na gane matsayina sarai. In ba a sami Tsoho ba, ko aka same shi ba rai, babu bakin da zai wanke ni a ƙasar nan, kuma a wancan zamani fille kan mai kisa suke yi. Inna za ta ji labari a bakin wani ma'aikaci, cewa ɗanta ya je karatu ya kashe malaminsa saboda walat. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

La'asar ta wuce ina zaune. Inuwar bangon gidan ta matso ta rufe ƙafafuna. Ina ta kallon wata tururuwa tana jan ɓarɓashin burodi, ina lissafin awa nawa mai ciwon zuciya zai yi cikin zafin dutse ba ruwa. Kallon ƙasan nan ne ya tuna mini da baba.

Ina ɗan shekara goma jakinmu ya ɓata a dajin da ke gabas da Matankari. Na yi ta bin sawu kaina a ƙasa har sawun ya ɓace a kan tsakuwa, na zauna ina kuka. Baba ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Kai, daina duban ƙasa awa tsohuwa ta yad da allura. Dubi bisa. Angulu ta riga ka sanin inda jakin nan shike. In sunka sauka, yi haƙuri, ya mutu. In kuwa suna gewaya ba su sauka ba, sheƙa, shina da sauran rai." Ranar mun sami jakin a rami, ƙafa a karye, yana harbin iska.

Na ɗaga kai. Tsakar gidan tana kallon kwazazzabon, ana hango bakinsa daga nesa. Na bi sama da ido daga yamma zuwa gabas. Can, bisa wani reshen kwazazzabon da ba mu taɓa shiga ba, nesa da inda aka tura mutane, na ga ɗige-ɗige baƙaƙe guda huɗu suna juyawa wuri ɗaya. A samansu akwai wani ɗigo da ke ƙyalli in ya juya wa rana. Buhun nama yana hannun Tsoho. Inda naman yake, nan yake.

Na miƙe tsaye. Matashin ya dafa bindigarsa. Na ce, "Ku ba ni madubin nan."

Babban ya ce in zauna, madubi shaida ne.

Ban san inda na sami ƙarfin ba. Na tako har gaban teburin, na sa idona cikin nasa. Ruwan toka ne idon, da jan jijiya a gefe, har yau ina ganinsa. Ji na yi kamar na tuɓe tsirara a kasuwa, amma ban kawar ba. Na ce, "Yana can ƙarƙashin tsuntsayen can, kuma yana da rai. Da ya mutu da sun sauka. In kun bari rana ta faɗi, ku kuka kashe shi, ba ni ba."

Tun zuwana akwai wani tsohon makiyayin tumaki da ke zaune a kan dakali da karensa. Sai ya tashi ya kare ido da hannu ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Tumakina ba su can, ba na kowa a can. Shekara hamsin ban ga hankaki suna taruwa a kan banza ba." Ya tofar da yawu ya ƙara da cewa, "Kuma gaskiyarsa, ba su sauka ba."

Babban ya ɗauki madubin ya duba da kansa, ya ajiye, ya dube ni. Ya ce, "In ƙarya kake, a can zan bar ka." Na ce na yarda, amma a ɗauko kwat da gora a cika ta.

Makiyayin ne ya shige gaba, ta wata hanyar awaki da ta gangara kai tsaye. Ni a tsakiya, jandarmomi a baya. Ba mu yi nisa ba na zame, da hannu a ɗaure ba abin da zan kama, sai da matashin ya cafko wuyan rigata. Makiyayin ya juyo ya ce da babban, "Ko ka kwance shi, ko ka goya shi." Aka cire ankwar. Duk taku goma sai in ɗaga kai in duba. Sau ɗaya na ga farar ta yi ƙasa-ƙasa har ta ɓace a bayan dutse, na tsaya cak a hanya. Sai ga ta ta sake tasowa. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, babban ya tambaye ni me na ce, ban kula shi ba.

Rana ta bar ƙasan kwazazzabon, sai ƙwanƙolin duwatsu ke da haske, lokacin da muka shiga reshen. Karen ne ya fara haushi. Hankakin suka watse suna kuka. A ƙarƙashin wata gangara, cikin tsaguwar dutse, ga Tsoho kwance rigingine, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, nama warwatse kewaye da shi, ƙuda sun rufe. Hannunsa ɗaya riƙe da reshen itace. Idonsa a rufe.

Na riga kowa dira. Na kira shi, shiru. Leɓɓansa sun tsattsage sun yi shuɗi. Na sa kunne a ƙirjinsa, na ji abu yana bugawa a hankali, yana tsallake wasu. Babban ya tsaya a kaina, na ji ƙarar ankwa a hannunsa. Na gane nufinsa. Samun Tsoho bai wanke ni ba, mai turo mutum daga dutse ai ya san inda ya faɗa. Sai ya yi magana tukuna.

Na ɗaga kansa na ɗora a cinyata, na jiƙa gefen rigata na shafa masa a leɓe, na ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan kamar yadda ake yi wa ɗan maraƙi. Na ciro ƙwaya ɗaya na sa masa ƙarƙashin harshe yadda na sha ganin yana yi. Da Hausa nake yi masa magana, ban ma sani ba. Ina cewa, "Baba, tashi. Don Allah kak ka yi mini haka. Tashi ka gaya musu."

Ban san minti nawa muka yi ba. Can sai maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiye. Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi jandarman, ya dubi sama. Bakinsa ya motsa, duk muka sunkuya.

Ya ce, "Kun kore ta."

Babban ya durƙusa ya ce, "Malam, wa ya turo ka?"

Tsoho ya daɗe kafin ya gane tambayar. Ya dubi jinin rigata, ya dubi ankwar, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Tsufa ne ya turo ni. Na hango inda take kwana, na bar hanya, dutse ya zame." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Wannan ɗalibina ne. Me kuka yi masa?"

Babban ya maida ankwar aljihu a hankali. Ni kuwa na zauna cikin hanjin tunkiya na yi kuka kamar yaro, makiyayin yana bubbuga bayana yana miƙo mini wani busasshen cuku daga jakarsa.

A kan ƙyauren ƙofa aka fito da Tsoho. Da na koma masauki na tarar an wanke ɗayar rigata an goge an ajiye a kan gado. Da safe mai masauki ta zuba mini madara har ta tumbatsa.

Bayan kwana uku na je dubansa a asibitin garin, na tarar da babban jandarman ya kawo masa kayansa. Na ba Tsoho haƙuri a kan kwat da gora. Ya ce in bar maganar, wai farar ungulun tana sauka taku goma daga inda yake kwance, sai ya ɗaga reshe ta tashi, shekara talatin yana neman ya gan ta haka. Sannan ya ɗauki madubin ya miƙo mini. Ya ce ƙafarsa ta gama hawan dutse, in tafi da shi gida in riƙa duba masa ita.

Na maida hannuna baya. Na ce, "Ba zan karɓa ba sai da takarda."

Ya ce wace irin takarda tsakanina da shi. Na ce a rubuta cewa kyauta ce, ya sa hannu, hukuma ta buga hatimi. Tsoho ya buɗe baki zai yi dariya, da ya ga fuskata sai ya fasa. Jandarman ya yi ja har kunnuwa. Shi ya rubuta takardar da hannunsa, a kan gwiwarsa, washegari ya aiko mini da ita da hatimi, tare da wuƙata. Madubin ya daɗe da fashewa a hannun jikoki, amma takardar tana nan cikin akwatin ƙarfen.

Bayan shekara biyu na dawo gida da takardar shaidar aiki, aka tura ni Kore Mairuwa duba nama. Kafin in kama aiki na je Matankari. Na tarar da baba a ƙofar gida yana gyaran kwari da baka, ya tsufa ƙwarai. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Ina ɗokin in ba shi labarin jakin nan, in gaya masa maganarsa ce ta cece ni a ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba. Ina cikin gaisuwa sai na ga ya daina amsawa, ya ajiye kibiyar da ke hannunsa.

Ya ce, "Arzika, mi niy yi maka?"

Na ce, "Ba komi, Baba."

Ya ce, "To mi kaka kallona cikin ido awa wanda ka nemana da faɗa? Can anka koya maka hakanga?"

Ban san ina yi ba. Na sunkuyar da kai na ce ya yi mini gafara. Ya ce ba komi, ya ɗauki kibiyarsa, ya tambaye ni ko can ma ana noman hatsi. Har ya rasu ban ba shi labarin ba.